Hannu Ya Faɗa

Idan yaro ya yi shekaru a gindin maƙeri, ko tela, ko wanzami, har ya kai yana aiki yana hira ba ya kallon yatsunsa, Bahaushe sai ya ce hannunsa ya faɗa. Ba a faɗin inda ya faɗa, ba kuma a tambaya. Kafin nan sabon hannu ne, ƙyalle maras daraja ake ba shi ya ɓata. Bayan nan ɗan hannu ne, in ya tsufa a sana'ar a ce tsohon hannu. A duk wannan lissafi ba a ambaci kai ba. Harshen ya ɗora ƙwarewa a kan gaɓa: ita ke koyo, ita ke riƙewa, ita kuma ake zargi da mantuwa idan mutum ya daɗe bai taɓa allura ba. Masana ƙwaƙwalwa za su ce ajiyar a cikin kai take, kuma sun yi gaskiya. Sai dai abin da bincike ya tono a cikin shekaru fiye da 150 bai yi nisa da maganar Bahaushe ba: wani sashe na koyon aiki yana faruwa ne a cikin yadda mutum yake jin inda hannunsa yake, kuma wannan ji yana gusawa, ya zauna a sabon wuri, ya kwana a can.

Ji ne da ba shi da suna a bakin mutane, saboda ba ya ɗaukewa balle a lura da shi. Mutum zai rufe ido ya kai ɗan yatsa kan hancinsa. Zai ci tuwo a tsakar gida cikin duhu, loma ba ta ɓata hanya. Mace za ta kai hannu baya ta gyara goyo, ta ja majanyi a inda idonta bai taɓa zuwa ba. A Hausa duk wannan ya shiga ƙarƙashin kalma guda. Ana jin magana, ana jin wari, ana jin gishiri a miya, ana jin sanyi da yunwa da kunya. Gani kaɗai aka ware gefe. A batun hannu kuwa rabon ya dace da aikin ƙwaƙwalwa, domin hanyoyi biyu take da su na sanin inda hannu yake, ta ido da ta jiki. Likita Charles Bell, ɗan Sikotilan, ya yi rubutu a kan ta biyun a 1826, yana danganta ta ga tsoka. A 1906 Charles Sherrington na Ingila ya raɗa mata sunan da likitoci ke amfani da shi har yau, wanda ya haɗo daga Latin, ma'anarsa jin abin da yake naka.

Saƙon daga cikin nama yake tasowa. A tsakanin zaruruwan tsoka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu kumburi a tsakiya da tsini a kai biyu, shi ya sa masana suka ba su sunan mazarin kaɗi. Idan tsoka ta miƙe su ma sun miƙe, sai su aika labarin tsawonta da saurin canjinsa. A inda tsoka ta haɗu da jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi akwai wasu masu auna ƙarfin ja. Fata ma tana da nata rahoto, gwargwadon yadda ta ja ko ta tattare a kan gaɓa. Duka su bi laka su hau, wasu zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wasu zuwa ɓawon babbar ƙwaƙwalwa. Babu saƙo ɗaya a cikinsu da ke cewa ga hannu nan. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa karkatar kafaɗa da ta gwiwar hannu da ta wuyan hannu, ta ƙara da tsawon da ta ɗauka ƙasusuwan suna da shi, ta fitar da ƙiyasi.

Tunda ƙiyasi ne, ana iya ruɗa shi. A 1972, a jami'ar Oksford, Goodwin da McCloskey da Matthews sun ɗora na'ura mai karkarwa sau 100 a daƙiƙa a kan jijiyar ƙwanjin mutanen da aka rufe wa ido. Hannu yana wuri ɗaya, amma masu shi sun ji yana miƙewa, domin karkarwar ta sa mazarin tsoka yin ƙarya. A 1988 James Lackner a Amurka ya ƙara wa gwajin armashi: ya ce mutum ya kama hancinsa yayin da ake yi. Ƙwaƙwalwa ta samu labari biyu, cewa hannu yana nisanta da fuska, da kuma cewa yatsu suna kan hanci. Wasu daga cikin mutanen sai suka ji hancinsu yana tsawo.

Darajar wannan ji ta fi bayyana a wurin wanda ya rasa shi. Ian Waterman ya kasance mahauci a tsibirin Jasi da ke tsakanin Ingila da Faransa. A 1971, yana da shekara 19, wata rashin lafiya ta lalata masa jijiyoyin da ke kai labarin taɓawa da na matsayin gaɓoɓi daga wuya zuwa ƙasa. Tsokokinsa lafiya lau, yana jin zafi da sanyi, amma idan ya ɗauke ido daga hannunsa bai san inda ya tafi ba. Ya sake koyon zama da tafiya da cin abinci ta hanyar kallon kowace gaɓa da lissafa kowane motsi, kuma idan fitila ta mutu farat ɗaya yakan zube ƙasa. Likitansa Jonathan Cole ya rubuta littafi a kansa a 1991. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai agashe a kasuwannin Sudan, tsiren nan da Hausawa suka kai ƙasar har ya zama na kowa, ya ga yadda wuƙa ke bin tsoka tana shimfiɗa ta fale-fale, yatsun hagu na gaba da kaifi da kaurin zare, mai aikin kuwa yana amsa gaisuwa, zai gane abin da cutar ta raba wancan saurayi da shi.

Me ya sa Mahalicci bai kafe wannan ma'auni wuri ɗaya ba? Saboda abin da ake aunawa ba a kafe yake ba. Hannun jariri da na baligi ba tsawonsu ɗaya ba, kuma tsawon yana ƙaruwa a hankali shekara da shekaru, wani lokaci da gaggawa a wajen balaga. Tsoka mai gajiya ba ta ba da rahoto irin na mai hutu. Karaya na warkewa da 'yar karkata. Ko a zaune, idan aka ɓoye wa mutum hannunsa na ɗan lokaci, ƙiyasinsa na inda yake yakan fara gusawa. Abin dariya a nan shi ne ɗan Adam ya daɗe yana auna duniya da wannan gaɓa: taƙi, kamu, gaba, duka daga jiki aka ciro su, kuma da su aka sayar da sawaye da igiya a kasuwannin ƙasar Hausa ƙarni bayan ƙarni. Amma a 2010, a Landan, Matthew Longo da Patrick Haggard sun ɓoye hannun mutane ƙarƙashin allo, suka ce su nuna inda kan kowane yatsa da gindinsa suke. Taswirar da ta fito ta hannu ce mai gajerun yatsu da faɗin da ya wuce na gaskiya, kuma kusan kowa haka. Ma'aunin da aka auna kasuwa da shi bai san girman kansa daidai ba. Yana bukatar a riƙa yi masa gyara, kuma mai gyaran na farko shi ne ido.

Garin Mafaza wuri ne mai kyau na kallon wannan al'amari. Yana bakin kogin Rahad, kudu maso yammacin birnin Gadarif, a yankin baƙar ƙasar laka mai tsagewa da rani. Hausawa sun zauna a wannan sashe na Sudan ta hanyar aikin hajji, wadda a da ake bi da ƙafa ana yada zango shekara da shekaru, da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Noma da su da ƙananan sana'o'i suka riƙe su. Gadarif ƙasar dawa ce da riɗi. Tun tsakiyar shekarun 1940 tarakta ta shigo manyan gonakinta, amma yankan riɗi har yanzu galibi aikin lauje ne, kuma aiki ne na gaggawa, domin idan kwanson ya bushe a tsaye sai ya tsage ƙwayar ta zube. A wajen watan Oktoba mai yanka yana sunkuye, hagu ta tattaro karare, dama ta kawo lauje ƙasa da ita kaɗan, a cikin ganyen da ya rufe duka biyun, da sassafe ko a farin wata. Tazarar da ke tsakanin kaifi da ɗan ƙaramin yatsa jiki ne ke riƙe da ita. Haka mai yin kisra: ta zuba ƙullu a kan ƙarfe mai zafi, ta ja shi da gargariba, 'yar tsiririyar kaba, sau ɗaya ko biyu ya baje ya zama kamar takarda, tsakanin yatsunta da ƙuna babu ko rabin inci.

Kayan aiki ma suna shiga lissafin. A 1996 Atsushi Iriki a Japan ya koya wa birai janyo abinci da ɗan manjagara, ya ga wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da a da ke lura da kewayen hannu kawai sun faɗaɗa har bakin manjagaran. A 2009, a Liyon ta Faransa, an ba mutane wani maɗauki mai tsawon santimita 40 suka yi aiki da shi na ɗan lokaci. Da suka ajiye, motsinsu da ƙiyasinsu sun nuna kamar hannun ya ƙara tsawo. Sandar makaho da ta makiyayi, da laujen da aka gaji ƙotarsa, suna da wuri a taswirar jiki. Shi ya sa aron kayan aikin wani yake zuwa da 'yar baƙunta a rana ta farko.

Amma inda ido da jiki suka fi saɓani shi ne ruwa. Rahad daga tsaunukan Habasha yake saukowa, ya cika da damina ja wur da laka, ya zuba a Shuɗin Nilu kusa da Wad Madani. Da rani kuma ya janye ya bar tafkuna a cikin gadonsa. A ruwan laka ido ba shi da aiki. Mai lalube a gindin gaɓa da yatsu yake gane tarwaɗa, da su yake kauce wa ƙayarta. A ruwan da ya kwanta ya yi garau kuwa ido yana gani, amma ba gaskiya yake faɗa ba. Haske na karyewa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, abin da Ibnul Haisam ya yi nazarinsa a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce. Dutsen da ke zurfin taƙi 4, wanda ya leƙa daga sama zai gan shi a taƙi 3. Kifin da aka hango a karkace ya fi zurfi fiye da inda ido ya ajiye shi, don haka mai mashi ƙasa da abin da ya gani yake nufa. Hannun da aka tsoma shi ma haka: ido ya ce ya gajarta ya karye a wuyan hannu, jiki ya ce yana nan yadda yake. Ƙwaƙwalwa na da shaidu biyu a kan gaɓa ɗaya, kuma dole ta yanke hukunci kafin kifi ya wuce.

Abin da kogi ke yi kyauta, shi masana suka mayar gwaji. Hermann von Helmholtz na Jamus ya bayyana a 1867 abin da ke faruwa idan aka sa tabarau mai gilashin da ke karkatar da haske gefe guda. Da farko mutum ya kai hannu ga abu sai ya wuce shi ta gefe. Bayan 'yan gwaje-gwaje ya daidaita. A cire tabarau kuma, sai ya kuskure ta ɗaya gefen. Wannan kuskure na biyu shi ne shaidar da ake nema, domin da dabara ce kawai mutum ya yi da saninsa, da ya ajiye ta tare da tabarau. A 1963 Charles Harris a Amurka ya tambayi abin da ya canza: gani ne, ko ji? Ya samu cewa hannun da ya yi atisaye yana kuskure ko da an rufe ido an ce ya nuna inda ƙara ke fitowa, alhali ɗaya hannun bai canza sosai ba. Da ido ne ya gusa, da hannu biyu sun kuskure tare. Wanda ya sauya tabarau ya ga kofi yana ƙoƙarin guje masa kwana ɗaya ko biyu ya ɗanɗani ƙaramin nau'in wannan.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Labarin da aka ji da kunne yake nufi, amma karin maganar ta dace da nan har ta so ta wuce gona da iri. A 1998 Matthew Botvinick da Jonathan Cohen sun ɓoye hannun mutum bayan shamaki, suka ajiye na roba a gabansa, suka riƙa shafar duka biyun da buroshi lokaci guda. Ba a jima ba mutane suka ce a hannun roba suke jin shafar, kuma da aka ce su nuna inda nasu yake ido a rufe, sai suka karkata wajen robar. Ga gani ya kori ji. Sai dai da aka zo awo, korar ba ta kai ƙarshe ba. A jami'ar Yok da ke Toranto, Erin Cressman da Denise Henriques sun sa mutane su miƙa hannu ƙarƙashin allo, wani ɗigo a kan allon yana wakiltar hannun, amma an karkatar da shi digiri 30. A rahotonsu na 2009, jin matsayin hannu ya gusa wajen ɗigon da kimanin digiri 6, wato kashi ɗaya cikin biyar na saɓanin. Abin ya fi kama da ciniki: ido ya yi tayi, jiki ya ce albarka, a hankali a haɗu a wani wuri, kuma wanda aka fi amincewa da shi shi ke rage kaɗan. Amincin ma yana da fanni. An nuna cewa ido ya fi iya raba dama da hagu, jiki kuma ya fi shi sanin nesa da kusa. A magariba ko a ruwa mai duhu nauyin ya koma wajen jiki.

A nan ya kamata a raba abu biyu da sukan zo tare. Akwai gyaran motsi, wato inda hannu zai nufa, akwai kuma gyaran ji, wato inda ake jin yana. Na farko aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, wadda duk da ƙanƙantarta ta tara kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. Tana hasashen inda motsi zai ƙare, ta gwada da inda ya ƙare, ta rage bambancin a karo na gaba. Masu ciwo a wannan sashe sukan ci gaba da kuskure ɗaya ƙarƙashin tabarau mai karkatarwa. Na biyu bai dogara da ita haka ba. Hannah Block da Amy Bastian sun ruwaito a 2012 cewa irin waɗannan majiyyata, duk da gazawarsu a gyaran motsi, suna iya sulhunta gani da ji. An kuma ga jin yana gusawa ko da na'ura ce ke jan hannun mutum, shi bai yi komai ba sai kallo, kuma yana gusawa da wuri, bayan 'yan miƙe-miƙe kaɗan.

To, gyara ya samu. Yaya yake kwana?

Amsar da ta fi karɓuwa ita ce ba koyo ɗaya ke gudana ba. Maurice Smith da Reza Shadmehr da wani abokin aikinsu sun nuna a 2006 cewa za a fahimci sakamakon gwaje-gwaje da yawa idan aka ɗauka akwai tafarki biyu a lokaci guda: ɗaya mai saurin ɗauka da saurin saki, ɗaya mai nawa wanda abin da ya kama ba ya saurin barinsa. Ci gaban da ake gani a mintunan farko yawanci na mai saurin ne, kuma shi ne ke zubewa idan an tashi shan ruwa. Abin da za a tarar gobe na mai nawan ne. Duk maigidan da ya taɓa koya wa yaro sana'a ya san kyawun aikin yamma ba ya tabbatar da na safe. Ya kuma san abin da masana suka tabbatar daga baya, cewa abin da aka koya aka manta, koyonsa na biyu ya fi sauri, ko da a ido ba a ga saura ba.

Akwai kuma batun awannin da ke biyo bayan atisaye. A 1996 Shadmehr da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane su riƙe hannun wata na'ura mai ture su gefe yayin da suke miƙawa. Waɗanda aka juya wa turin nan take bayan sun ƙware, washegari sun rasa na farkon. Waɗanda aka ba tazarar awa 4 zuwa 6 sun riƙe. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a 1997 ya nuna cewa a cikin waɗannan awanni aikin ya ƙaura daga sashen goshi zuwa sassan da ke baya da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Wasu masana sun maimaita gwajin a 2004 ba su samu wannan kariya ta awanni ba, don haka ƙa'idar ba ta kai a rantse a kanta ba. Abin da ya fi tsayuwa shi ne wanda David Ostry da tawagarsa a jami'ar Magil ta Kanada suka samu. A 2010 sun nuna cewa bayan irin wannan atisaye jin matsayin hannu ya gusa, kuma gusawar tana nan bayan awa 24. A 2019 suka ɗauki mataki na gaba: bayan mutane sun gama koyo, sai a yi amfani da maganaɗisu daga wajen ƙoƙon kai a dakushe wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Da aka dakushe yankin da ke ba tsoka umarni, washegari koyon yana nan. Da aka dakushe yankin da ke karɓar jin jiki, yawancinsa ya tafi. Ma'ana, wani muhimmin ɓangare na abin da ake ajiyewa shi ne yadda aikin ya kamata ya ji a jiki, kuma sashen ji ne ke riƙe da shi a daren farko.

Wannan kwana da gyaran ke yi abin mamaki ne idan aka duba da kyau. Mutum ya bar ɗakin gwaji, ya ci abinci, ya yi alwala, ya ɗaura takalmi, a kowane ɗaya ido da jiki sun yarda da juna, wanda ya isa ya goge duk wata karkata. Amma ya dawo gobe ya riƙe na'urar, sai ga wani kaso nata. Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa ba ta ajiye gyara tsirara. Tana ɗaure shi da halin da aka same shi. A 1996 tawagar Thomas Thach a Sen Luwis ta Amurka ta sa mutane jifan bango da ƙwallayen yumɓu sanye da tabarau mai karkatarwa. Wanda ya daidaita jifa ta sama, idan ya koma jifa ta ƙasa sau da yawa sai ka ce bai koyi komai ba. Mutum biyu kuma sun yi makonni 6 suna jifa, wani lokaci da tabarau wani lokaci babu, har suka mallaki ma'auni biyu: da sun ji tabarau a fuska jifar farko take daidaita, da sun cire haka nan. Bayan fiye da wata 27 ma'aunin biyu suna nan. Masuncin da ke da nufi ɗaya na cikin ruwa da wani na tudu ba ya tunanin sauyawa. Haka ɗan Mafaza da ya fara da allo yana jan alƙalami daga dama, ya zo ya koyi boko daga hagu.

Sunan wannan a Hausa sabo. Kalma ce mai fuska biyu, an yabe ta an kuma ce turken wawa ce, kuma duka biyun suna da hujja a ƙwaƙwalwa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Sudan ta bi a 1973, kuma duk direban da ya sauya daga mota mai sitiyari a dama zuwa mai shi a hagu ya san yadda hannu ke kai wa ƙofa cafka yana neman giya. Tsohon gyara ba ya gogewa don sabon gyara ya zo. Yana kwance, gajiya ko firgita na iya tashinsa. A ɗaya fuskar kuma akwai lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, waƙa na tafiya, ba wadda ta kalli tafinta. Akwai kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya a kan sanda maras alama, inda kowace murya wuri ce da yatsa ya sani. A 1995 Thomas Elbert da abokansa a Jamus sun auna ƙwaƙwalwar masu goge irin na Turai, suka ga yankin da ke karɓar jin yatsun hagu ya fi na sauran mutane, kuma ya fi girma a wurin waɗanda suka fara tun suna yara. Ajiyar ba ta ma bukatar mutum ya tuna ya yi koyon. Henry Molaison, wanda tiyatar da aka yi masa a 1953 ta hana shi riƙe sabon labari, Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi kwana 3 a jere. Kullum ba ya tuna ya taɓa yi, kullum kuma hannun ya fi jiya.

Taswirar takan ma fi gaɓar tsawon rai. Silas Weir Mitchell ya rubuta a 1871 a kan sojojin yaƙin basasar Amurka da aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin gaɓar tana nan, har da lanƙwasar yatsu. A 'yan shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya gwada akwati mai madubi, inda hoton lafiyayyen hannu ke tsayawa a gurbin wanda babu, wasu majiyyata suka ji dunƙulallen hannun da ba ya nan ya buɗe. A Liyon kuma, a 1998, Yves Rossetti ya sa wa masu shanyewar ɓarin jiki da suka daina lura da gefen hagu tabarau mai karkatar da gani digiri 10 zuwa dama, suka yi nuni sau 50; da aka cire, lurarsu da hagu ta ƙaru na aƙalla awa 2. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ba da sakamako gauraye, wasu sun amfana wasu ba su amfana ba.

Abin da ya fi shafar gidaje shi ne cewa shanyewar ɓarin jiki ba ƙarfi kaɗai take ɗauka ba. A wurin majiyyata da yawa tana taɓa jin matsayin hannu, kuma 'yan uwa sukan ɗauki abin a matsayin kasala ko rashin ƙoƙari. Ciwon sukari da ya daɗe da ƙarancin bitamin B12 su ma suna dakushe shi, galibi daga ƙafa suke farawa. Abin da aka sani game da ɗaurewar gyara da yanayinsa ya nuna atisaye ya fi amfani idan an yi shi da aikin da ake so a dawo da shi, da cokalin gidan da butar gidan, kaɗan-kaɗan kullum. Gwajin kuwa ba ya bukatar na'ura: likita ya sa mutum ya rufe ido, ya kama masa ɗan yatsa ta gefe biyu, ya ɗaga ko ya saukar, ya tambaye shi sama ne ko ƙasa. Duk wanda kofi ke suɓuce masa da zarar ya kau da kai, ko yake tangaɗi idan duhu ya yi alhali da rana lafiya lau yake tafiya, ya kamata a kai shi a yi masa wannan gwaji.